Zama Nawa Ya Kamata a Yi Kafin Jarumai Su Hau Sabon Mataki?

Ɗan'uwa, na karanta bayaninka sau biyu. Ka ce kai ne jagoran wasa a teburinku na Dungeons & Dragons, bugu na biyar, wasan teburin nan da jagora yake ba da labari, kowane ɗan wasa yana riƙe da jarumi guda, ana jefa ƙwayoyi masu lambobi (dice) don yanke abin da zai faru; kuna haɗuwa duk Asabar da abokanka biyar, kowane zama kamar awa huɗu. Zuwa yanzu kun yi zama 14, jaruman sun kai mataki na 7 a cikin matakan ƙarfi ashirin na wasan, labarin da ka tsara kuwa ko kashi ɗaya cikin uku bai ci ba. Abokan gaban da kake raba dare kana shiryawa suna faɗuwa kafin a zagaya teburi sau biyu, mutum biyu ba su gama sanin abin da ke rubuce a takardar jarumansu ba, ga wani kuma duk aka tashi sai ya tambaya ko an ƙara mataki. Kana son sanin zama nawa ya dace a yi a kowane mataki, ko maki za a riƙa ƙirgawa ko zangon labari za a bi, da yadda za ka rage gudu ba tare da an ga ka danne wa mutane haƙƙinsu ba.

Ka kwantar da hankalinka tukuna, lissafinka bai kauce ba. Littafin jagoran wasa na 2014 ya ba da shawara cewa a kai mataki na 2 bayan zaman farko, na 3 bayan zama na biyu, na 4 bayan ƙarin zama biyu, daga nan kuma kowane mataki ya ɗauki zama biyu ko uku, idan zaman na awa huɗu ne. Ka ɗora zamanku 14 a kan wannan ma'auni, za ka ga tsakanin mataki na 7 da na 9 yake bayarwa. Wato kana kan layin da littafi ya shata. Sai dai ka ci gaba da ƙirgen har ƙarshe: da wannan gudun, za a taɓa mataki na 20 tsakanin zama na 36 da na 52. Ma'aunin wanda yake son ya leƙa dukkan matakai ashirin cikin shekara guda ke nan. Idan ba irin wannan labarin kake bayarwa ba, to rigar ba taka ba ce, ko da kuwa ɗinkin ya yi kyau.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, ƙarin mataki ba albashi ba ne da ake biyan ɗan wasa don ya zo ya zauna. Kowane mataki yana sauya irin labarin da za ka iya bayarwa a teburin. Akwai ƙofofin da yake buɗewa, akwai kuma waɗanda yake rufewa har abada, kuma jagoran wasa da yawa ba sa lura da rufewar sai bayan ta auku.

Dubi yadda abin yake a bugu na biyar. A mataki na 1, masihirci bai wuce makin rai (ma'aunin dukan da jarumi zai iya sha kafin ya faɗi) shida zuwa takwas ba, sara ɗaya mai kyau zai iya kwantar da shi. Kogi mai ambaliya matsala ce, katangar gari matsala ce, 'yan fashi huɗu a kan hanya abin a tsaya a yi shawara ne. Da an taka mataki na 5, duniya ta juya: mayaƙi yana kai sara biyu a juyi ɗaya, masihirci ya samu dunƙulen wuta mai cin ƙwaya takwas masu fuska shida, ana iya tashi sama, mai warkarwa kuma yana iya dawo da wanda ya mutu cikin minti ɗaya da ya wuce idan akwai lu'ulu'u na zinare 300. A mataki na 9 ana tayar da wanda ya kwana goma da mutuwa. A na 13 ana ɓacewa daga wannan nahiya a bayyana a wata cikin ƙiftawar ido. A na 17 ana samun sihirin da masihirci zai faɗi buƙatarsa kawai ta tabbata. Saboda haka labarin doguwar tafiya da ayari, inda hanyar ita ce abin tsoro, yana da wa'adi. Labarin wanda aka kashe ake neman wanda ya yi kisan shi ma yana da wa'adi. Labarin sarkin da ya fi ƙarfin kowa a garinsa, haka.

Ni da kaina na taɓa ganin wannan a teburina. Na rubuta wani babi na kisan wani attajiri da aka tarar a mace a ɗakinsa, ƙofa a kulle ta ciki. Na tsara mutum shida da ake zargi, kowanne da abin da yake ɓoyewa, na sa wasiƙar da aka ƙona rabinta, da kofin da aka wanke aka kife shi a inda ba a saba ajiye shi ba. Zama uku na ware masa. Lokacin da na rubuta shi jaruman suna mataki na 3, amma kafin labari ya kawo su garin na riga na ƙara musu biyu. Ina gama kwatanta ɗakin, sai wadda ke riƙe da jarumar mai warkarwa ta sunkuya kan takardarta, ta bi layi da yatsa, ta ɗago ta ce a kai ta wurin gawar, za ta kunna turare. Sihirin magana da mamaci ne, mai daraja ta uku a cikin darajojin sihiri tara na wasan, yana ba da damar tambaya biyar. Tambayarta ta uku ita ce wa ya miƙo masa abin sha na ƙarshe. Mamacin ba shi da dalilin ɓoye mata, don haka na amsa. Cikin kwata na awa babin ya ƙare. Ta yi daidai ƙwarai, kuma murnar da ta yi a ranar ta cancanta, domin ta karanta takardarta ta yi amfani da abin da aka ba ta. Daga ranar nake rubuta matakin da nake zato a saman kowane babi kafin in rubuta kalma ɗaya ta babin, sannan in duba jerin abin da jarumai za su iya a wannan matakin.

To ta ina za ka fara gyara? Daga ƙarshe za ka faro, ka dawo baya.

Ka fara da ƙirga zaman da ya rage muku da gaske. Shekara tana da Asabar 52, amma kai ma ka san ba duka za ku samu ba. Azumi zai zo, salla biyu za su zo, wani zai shiga jarrabawa, wani za a yi bikin ƙanwarsa, wani aiki zai kai shi wani gari na wata guda. Ka duba zama 14 ɗin da kuka yi, cikin mako nawa kuka yi su? Wannan shi zai gaya maka gaskiyar teburinku. Mu ƙaddara ka samu cewa zama 30 ne a gabanku kafin rayuwa ta raba ku ko labarin ya kai inda kake so. Sai tambaya ta biyu: a wane mataki kake son a yi karon ƙarshe? Ka dubi babban abokin gaban da ka tanada. Idan azzalumin sarki ne da matsafansa da rundunarsa, mataki na 10 zuwa na 12 ya wadatar. Idan halitta ce da ke neman haɗiye duniya dukkanta, to nan ne ake maganar 17 zuwa sama.

Shawarata gare ka, ka tsaya a 11 ko 12, kuma kada ka ji kamar ka gaza. Labaran da kamfanin Wizards of the Coast, mai wasan, ya buga da kansa ma da yawansu a wannan yankin suke tsayawa: na cikin akwatin masu farawa na 2014 daga mataki na 1 zuwa na 5 ne, Curse of Strahd na 2016 kuma daga 1 zuwa 10. Wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3 da ya fito a 2023, wanda aka gina a kan dokokin bugu na biyar, a mataki na 12 ya yanke, wato taki ɗaya kafin sihiri mai daraja ta bakwai ya shigo. Hatta jadawalin maki na littafin yana nuna inda masu tsara wasan suke son a daɗe. Ana buƙatar maki 300 don mataki na 2, 900 don na 3, 2,700 don na 4, 6,500 don na 5. Daga nan sai hawan ya yi tsauri: 14,000, sai 23,000, sai 34,000, sai 48,000, sai 64,000, har 85,000 a mataki na 11. Amma lura da wannan: daga 10 zuwa 11 maki 21,000 ne, daga 11 zuwa 12 kuwa 15,000 kacal, alhali dodannin da ake karawa da su a lokacin sun fi ba da maki. An gina jadawalin ne ta yadda za a wuce matakan farko da sauri, a yi zaman dirshan tsakanin 5 da 10, sannan a sake sakin linzami. Kai yanzu kana tsakiyar wurin da ya fi daɗi a wasan gaba ɗaya. Babu dalilin gaggawar barinsa.

Da zama 30 da mataki na 12 a matsayin ƙarshe, ga yadda ni zan raba. Zan bar zama biyar na ƙarshe a mataki na 12, domin babu abin da ya kai ɓata rai irin a ba mutum sabon ƙarfi a daren da za a rufe labari, bai ko ɗanɗana shi ba. Saura 25 ke nan na matakai biyar. Ba zan raba su biyar biyar ba, saboda matakan ba nauyinsu ɗaya ba. Na 9 da na 11 suna zuwa da kaya masu yawa: a na 9 sihiri mai daraja ta biyar ya shigo kuma ƙarin ƙwarewa, wato lambar da ake ɗorawa a kan jifan ƙwaya, ya koma huɗu, a na 11 mayaƙi ya samu sara na uku, masu sihiri suka samu daraja ta shida. Irin waɗannan suna buƙatar fili, zama bakwai bakwai bai yi yawa ba. Na 8 da na 10 kayansu kaɗan ne ga yawancin jarumai, zama huɗu huɗu ya isa. Na 7 da kuke ciki yanzu, ka ƙara zama uku a kai, don kada birkin ya zo musu da ƙarfi lokaci guda. Ka haɗa: uku, huɗu, bakwai, huɗu, bakwai, ga 25.

Wannan taswira ce ta aljihunka, teburin ne zai riƙa gyara maka ita. Alamar da na fi dogara da ita ita ce hannun 'yan wasa. Idan juyin mutum ya zo ya tsaya yana juya takarda yana neman abin da sabon ƙarfinsa yake yi, bai gama cin wannan matakin ba, ƙara masa wani ɗora kaya ne a kan wanda bai sauke ba. Mutum biyun nan da ka ambata, abin da ke damunsu ke nan, kuma ba laifinsu ba ne: cikin wata uku ko huɗu an sauya musu takarda sau shida. Idan kuwa ka ga kowa ya san abin da zai yi tun kafin juyinsa, sun fara haɗa dabarunsu, wannan ya riƙe wancan ya buga, har ka ga faɗa uku a jere sun buɗe shi da salo iri ɗaya, to matakin ya nuna, lokacin tsinka ya yi. Ina kuma ƙoƙarin ganin kowane jarumi ya samu aƙalla lokaci ɗaya da sabon abin da ya samu ya ceci tawagar kafin in ɗaga su. Idan jarumin tawaga mai ajin ɓarawo ya samu dabarar kauce wa wuta a mataki na 7 amma ba a taɓa watsa masa wuta ba har ya bar matakin, kamar ba a ba shi komai ba ne.

Yanzu maganar maki da zango. Mutane suna ɗaukarta kamar zaɓi tsakanin wahalar lissafi da sauƙi, amma abin ya fi haka zurfi, kuma tarihin wasan ya nuna. Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a Amurka a 1974, kowane zinare ɗaya da jarumi ya fito da shi daga kogo maki ɗaya ne. A bugun masu farawa na 1981, ƙaramin dodon nan da ake kira goblin maki 5 yake bayarwa, mayaƙi kuma yana buƙatar 2,000 kafin ya hau mataki na 2. Goblin 400 ke nan idan da kisa kaɗai zai dogara. Akwatin zinare guda kuwa zai iya ba shi rabin abin da yake nema. Me kake zato 'yan wasan zamanin suka koya? Sanɗa, yaudara, cinikin hanya da dodo, a shiga a ɗauke dukiya a fice ba a zare takobi ba. Bugu na biyu na 1989 ya ture makin zinare gefe, na uku kuma da ya fito a 2000 ya ɗora lissafin kusan gaba ɗaya a kan karawa, inda aka tsara cewa karo 13 da ɗoriya masu daidai da ƙarfin tawaga su ne mataki guda. A bugu na biyar goblin maki 50 ne, mataki na 2 kuma 300, wato shida sun ishi mutum ɗaya. Sai 'yan wasa suka koyi wani darasin daban: duk abin da ya motsa, maki ne. Abin da ka sa wa lada, shi za a bi. Don haka kafin ka zaɓi tsari, ka tambayi kanka wane hali kake son gani a teburinka.

Ƙirga maki yana da wani alheri da ba a cika faɗa ba: ɗan wasa yana ganin tafiyarsa da idonsa. Ya san yana da 27,000, ya san 34,000 yake nema, ba ya jiran ganin damar kowa. Idan za ka bi shi, to kada ka tsaya a kan kisa. Ka ba da cikakken makin karo idan an kauce masa da dabara ko an sasanta da baki, ka sa maki a kan gano wuri, cika alkawari, kuɓutar da wani. Pathfinder bugu na biyu, na 2019, ya sauƙaƙa wannan ƙwarai: kowane mataki maki 1,000 ne, in an cika a cire 1,000 a ci gaba da ragowar, karo matsakaici yana ba da 80, cim ma wani buri kuma 10 ko 30 ko 80 gwargwadon girmansa. Mai son tafiya a hankali sai ya mayar da shi 1,200, mai sauri 800. Babu abin da zai hana ka aro wannan tsarin ka ɗora a wasanka.

Tsarin zango kuwa, wato a ƙara mataki idan labari ya kai wata gaɓa, shi ya fi dacewa da halin da kake ciki, tunda kana da labari mai farko da ƙarshe kuma kana son linzamin gudu a hannunka. Amma yana da ciwo guda, kuma shi ne abin da ke sa abokin nan naka tambaya duk mako. Idan zangon a cikin kanka kaɗai yake, to a wurin 'yan wasa ƙarin mataki ya zama kyautar da jagora yake bayarwa ranar da ya ga dama. Wanda bai san sharaɗi ba, dole ya yi ta tambaya. Maganinsa ka fito da zangon fili. Ka ce musu: za ku hau mataki na 8 ranar da kuka karya ƙawancen da ke tsakanin sarkin nan da matsafansa, ta kowace hanya kuka ga dama. Ka lura da ƙarshen maganar, ta kowace hanya. Idan zangon ya zama sai sun bi ta ƙofar da ka zana, ka mayar da su 'yan rakiya a labarinka. Idan kuwa buri ne da za a iya cim masa da yaƙi ko da siyasa ko da sata, to kowace shawara da suka yanke a teburi tana da nauyi. Na fi son ma in ajiye buri uku ko huɗu a gabansu, wasu daga labarina, wasu daga tarihin da suka rubuta wa jarumansu, in ce duk biyun da aka kammala mataki ne. Daga ranar da na fara haka ba a sake tambayata yaushe za a ƙara ba, sai dai in ji suna gardama a junansu kan wanne za a fara tunkara.

Game da wanda bai samu zuwa wani zaman ba, ka bar kowa a mataki ɗaya. A tsofaffin bugu bambancin mataki bai cika cutarwa ba, saboda makin da ake buƙata ninkawa yake yi: kafin tsohon mayaƙi ya tashi daga 16,000 zuwa 32,000, sabon da ya fara daga sifili ya tara 16,000, ya zo dab da shi. A bugu na biyar ninkin yana tsayawa da wuri, kuma wanda aka bari a mataki na 4 alhali sauran suna na 5 zai ji a jikinsa a kowane faɗa. Wanda ya rasa zama ya riga ya yi asarar wasan ranar, ta ishe shi.

Sai babbar damuwarka, yadda za a rage gudu ba a ɓata rai ba. Kada ka yi shi a ɓoye. Mutanen da suka saba da sabon mataki duk bayan mako biyu za su lura a mako na huɗu, kuma idan ba ka faɗa ba za su fassara shi da rowa. Ka gaya musu kai tsaye cewa labarin zai ƙare a wajen mataki na 12, cewa kuna da kamar zama 30, kuma kana son su more kowane mataki. Yawancin mutane suna karɓar wannan hannu biyu idan sun ga an shirya musu ƙarshe na gaske.

Amma fa zama bakwai ba tare da wani abu ya ƙaru ba yana da tsawo, don haka dole a cike tsakanin da wani irin girma. Nan ma tsofaffin bugu suna da abin koyarwa. A can, mayaƙin da ya kai mataki na 9 yana gina ganuwarsa, mayaƙa su taru a ƙarƙashinsa, ya riƙa karɓar haraji a ƙasarsa. Girman jarumi yana bayyana a duniyar labarin, ba a takarda kaɗai ba. Ka ba su gida a birni, jirgin ruwa, sarauta ƙarama, bawan Allah a fada da ke kawo musu labari kafin kowa ya ji, takobi mai suna da tarihi wanda wani ma yake nema. Ka sa mai gadin ƙofar garin da ya taɓa hana su shiga a zama na biyu ya miƙe tsaye idan ya hango su. Na ga ɗan wasa ya fi murna da ranar da yaran wani ƙauye suka fara kwaikwayon jaruminsa da sanduna fiye da ranar da ya samu ƙarin maki biyu a ƙarfinsa. Wasu teburan ma sun kai wannan tunanin ƙarshe: a zamanin bugu na uku 'yan wasa sun ƙirƙiro tsarin da ake kira E6, inda ake tsayawa cak a mataki na 6, daga nan sai ƙananan ƙwarewa a kowane maki 5,000, kuma ana shekaru ana wasa a haka.

Akwai kuma lokacin cikin labari, wanda ake yawan mantawa. Idan ka ɗauki jadawalin makin da littafin 2014 ya ce tawaga za ta iya ɗauka a yini guda na faɗace-faɗace, ka raba shi da abin da kowane mataki yake buƙata, a takarda za ka ga kwana talatin da 'yan kai sun isa a tashi daga mataki na 1 zuwa na 20. Yaron da ya bar gona farkon wata ya zama mai girgiza duniya kafin wani watan ya raba. Wannan yana kashe ɗanɗanon girma. Ka sa watanni su wuce tsakanin babi da babi, damina ta sauka ta tare hanya, a jira ayari, a yi jinya. Littafin yana da zaɓin horo kafin hawa mataki: tsakanin 5 da 10, kwana 20 da zinare 40. Kuɗin ba komai ba ne, ba kamar bugun 1979 ba inda horon mako guda yake cin zinare 1,500 sau matakin jarumi, amma kwanakin suna da amfani, domin suna ba ka damar tambayar kowa wa ya koya masa, a ina, kuma me ya faru a gari yayin da yake can.

Abu na ƙarshe, kuma ina zargin shi ne rabin matsalarka: faɗuwar abokan gaba da wuri ba lallai matakin ne ya jawo ta ba. An auna bugu na biyar ne a kan karo shida zuwa takwas tsakanin dogon hutu da dogon hutu, wato hutun dare da ke dawo wa jarumai da ƙarfinsu. Idan faɗa ɗaya kuke yi a yinin labari sannan a kwanta a tashi da cikakken ƙarfi, masu sihirinka za su juye duk abin da suke da shi a juyi biyu na farko, kuma babu dodon da zai tsaya, musamman idan shi kaɗai ne a gaban mutum biyar. Ka hana hutun zuwa da arha. Ka sa wa'adi a kan aikin, ka ba babban abokin gaba mataimaka da wurin fakewa, ko ka ɗauki zaɓin da ke cikin littafin inda gajeren hutu yake zama dare guda, dogon hutu kuma kwana bakwai. Wannan zaɓin kaɗai yana gyara abu biyu, nauyin faɗa da tafiyar kwanaki.

Ranar Asabar mai zuwa, kafin a fito da ƙwayoyi, ka ɗauki minti goma sha biyar. Ka faɗa musu inda labarin zai tsaya da yawan zaman da kake hasashe. Ka rubuta buri uku a takarda ka ajiye a tsakiyar teburi, ka ce biyu daga ciki su ne mataki na 8. Sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karanto abu guda a takardarsa da bai taɓa amfani da shi ba, kai kuma ka rubuta a littafinka, ka gina zama uku masu zuwa a kan wannan jerin.